Kasuwa Ba Ta Gina Wa Malamin Firamare Gida

Duk lokacin da aka yi kukan tsadar haya a Zariya, sai wani ya ce a bar 'yan kasuwa su yi ta gini, farashi zai sauko da kansa. Mai wannan magana ya zagaya Samaru ya gani. Gini ake yi ba dare ba rana daga Hayin Dogo zuwa Palladan, amma haya ba ta sauko ba.

Dalilin a fili yake. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai ke ƙaruwa fiye da ɗakunan kwanan da ke cikinta. Mai kuɗi ya yi lissafi: fili ɗaya, in ya yanka shi ɗakuna goma masu banɗaki a ciki, zai karɓi kuɗin shekara daga mutum goma. In ya gina gidan iyali, mutum ɗaya zai biya shi. Saboda haka malamin firamare mai mata da 'ya'ya huɗu yana takara ne da iyayen ɗalibai daga Abuja da Legas, ga la'adar dillali a kai. A Sabon Gari, wanda ya tashi da zuwan jirgin ƙasa, tsofaffin gidajen haya ne ke komawa shaguna da rumbunan ajiya, domin kaya sun fi mutum biya.

Ba na zargin mai gini. Da yawansu tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba giratuti a bulo da siminti. Wanda nake tuhuma shi ne mai riƙe da ƙasa. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana. Asusun gidaje na ƙasa, tun 1992, yana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Ma'aikatan Zariya nawa ka sani da suka mallaki gida ta wannan hanya?

Amana ba ta tsaya ga karɓar kuɗin takarda a KADGIS da aika KASUPDA da jan fenti ba. A yanka filaye, a kai musu hanya da ruwa da magudana, a sauƙaƙa takardar mallaka, sannan a gindaya sharaɗi: duk kamfanin da ya samu filin gwamnati ya ware kaso na gidaje da mai albashin naira 70,000 zai iya kamawa. In ba haka ba, wanda ke koyar da 'ya'yan Samaru zai ci gaba da ƙaura zuwa bayan gari, kuɗin mota na cinye abin da ya tsira da shi daga haya.