SANA'A A CIKIN GIDA: A AUNA CUTA, KADA A YI WA KOWA KUƊIN GORO

Maganar da na zo muku da ita a wannan fili ta samo asali ne daga wani zama da na halarta a zauren mai unguwarmu. Mutum biyu aka kawo ƙara a rana ɗaya. Ta farko wata baiwar Allah ce wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa biyar, tana tuyar ƙosai da sassafe a tsakar gidanta, yara na shiga suna saye. Maƙwabcinta ya ce hayaƙi ya hana shi sakat. Na biyu kuwa wani magidanci ne da ya kafa injin niƙa a jikin bangon da ya raba shi da wani dattijo. Injin na tashi tun kafin kiran assalatu, ba ya tsayawa sai bayan lisha, har bangon ya soma tsagewa.

Da gardama ta yi tsawo, sai wani ma'aikaci ya miƙe ya ce: "Ranka ya daɗe, maganin abin ɗaya ne. Gida wurin kwana ne, kasuwa kuwa wurin sana'a. A hana su duka biyu, kowa ya huta." Mutane da dama suka gyaɗa kai. Ni dai ban gyaɗa ba, kuma dalilina ke nan na ɗaukar alƙalami. A ganina, duk wata ƙa'ida da hukumomin gari za su shimfiɗa game da sana'a a cikin gida, ya kamata ta auna irin cutar da sana'ar take yi wa maƙwabta. Haɗa mai ƙosai da mai inji a hukunci ɗaya zalunci ne ga ta farkon, barinsu duka biyu kara zube kuma zalunci ne ga dattijon.

Gidan Bahaushe bai taɓa rabuwa da sana'a ba

Mu fara duban inda muka fito. A zauren gida masaƙi yake kafa masaƙarsa, a nan baduku yake ɗinkin fata, a nan fatoma yake saukar da baƙin fatake ya ajiye kayansu har ya samo musu mai saye. A cikin gida kuwa mata ke dakan fura, da matsar man gyaɗa, da yin ƙuli-ƙuli da daddawa, da tuwon sayarwa. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a shekarar 1969 a kan wannan cinikin na mata, ta kira shi ɓoyayyen ciniki, domin ta tarar da hatsi da abinci masu yawa suna sauya hannu daga gida zuwa gida ba tare da sun taka kasuwa ba. Abin da ta gani a can shi ne yake gudana a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Yau ma an ƙara da keken ɗinki, da firijin ƙanƙara, da kitso da lalle, da awara, da cajin waya. Wanda ya ce a rufe wannan ƙofa, ya san cewa tukunyar dubban gidaje zai kife, galibinsu kuma na mata ne waɗanda ba su da halin kama shago.

Amma kakanninmu ba su bar kowa ya yi abin da ya ga dama ba. Sun ware wa majema wurinsu a gefen gari saboda wari. Sun tara marina a karofi, kamar na Ƙofar Mata a Kano. Mahauta na da wurin yanka, maƙera na da unguwarsu. A Damagaram, Birni na sarki da jama'arsa ne, Zango kuma a wajen ganuwa, inda ayarin raƙuma ke sauka. Ashe ke nan tsarin gari ba baƙon abu ne a gare mu ba. Sai dai su ma'auninsu wari ne da hayaƙi da wuta da ƙazanta. Sana'ar da ba ta damun kowa, ba wanda ya kore ta daga gida.

Malaman mazhabar Malikiyya da muke bi sun yi dogon bayani a kan wannan. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis, ana ce da shi Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya dubo musu rigingimun maƙwabta, ya kuma tara hukunce-hukuncen a littafi. A ciki an bambanta hayaƙin murhun gida, wanda ba makawa a yi haƙuri da shi, da hayaƙin gidan burodi ko warin majema da aka ƙago a tsakiyar mutane, waɗanda ake hanawa. Har gwaji ya kawo game da dutsen niƙa da dabba ke juyawa: a rataya takarda da zare a jikin rufin da ke kan bangon maƙwabci, a ɗora mata busasshiyar ƙwaya, a sa dutsen ya juya. In ƙwayar ta motsa, to bango na cutuwa, sai a janye dutsen. Jama'a, shekara ɗari bakwai ke nan da aka san yadda za a raba gardamar zauren mai unguwarmu.

Abin da muka aro da abin da muka manta

Ra'ayin ma'aikacin nan na raba gari gida-gida, nan kwana, can ciniki, can masana'antu, daga ƙasashen Turawa ya zo. Birnin New York na Amurka ya kafa irin wannan doka a 1916, kotun ƙolin ƙasar kuma ta amince wa garuruwa su yi haka a 1926. Su suna da dalilinsu, domin manyan masana'antu masu baƙin hayaƙi da dogayen benaye sun cunkushe musu gidaje. A ƙasarmu kuma ƴan mulkin mallaka ne suka kawo yankan filaye a jere da miƙaƙƙun tituna. Maraɗi misali ce: bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohon gari, aka hau da mutane kan tudu, aka yanka musu filaye murabba'i. Amma da mutane suka tare, da zaurukansu da sana'o'insu suka tare.

Su kansu waɗanda muka ara daga gare su sun sassauta. A garuruwa da yawa na Amurka ana barin mutum ya yi sana'a a gidansa bisa sharuɗɗa: kada ta cinye gidan duka, kada a tara ma'aikata daga waje, kada a kafa babban allo, kada motocin masu saye su toshe hanya. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2012 wadda ta halatta sayar da abincin da ba ya saurin lalacewa, in an yi shi a gida kuma an yi rajista. In ƙasa mai arziki irin wannan ta gane cewa hani na gaba ɗaya ba ya ɗorewa, ina ga mu?

Abin da muka manta shi ne muna da ma'auni mai kyau a rubuce. A Faransa, tun ranar 15 ga watan Oktoba 1810 aka raba sana'o'i masu wari ko hatsari aji uku: na farko dole a nisanta su da gidaje, na biyu ana barinsu in an tabbatar ba za su cuci maƙwabta ba, na uku suna iya zama kusa da mutane amma da idon hukuma a kansu. Nijar ma ta kafa tata doka a kan wannan tafarki, mai lamba 66-033, ta ranar 24 ga watan Mayu 1966. An kuma yi dokar tsarin birane a watan Afrilu 2017. Sai dai ina tambayar mai karatu: a unguwarku mutum nawa suka taɓa jin labarin waɗannan dokoki da Hausa ko da Zabarmanci? Dokar da ke kulle a ofis da Faransanci, mai walda bai san ta ba, maƙwabcin da ke shan ƙarar ƙarfensa bai san ta ba, ba ta kare kowa.

Rusau ba ya kashe sana'a

Akwai kuma darasin da birnin Yamai ya koya mana. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012. A 2016 kuma aka rushe rumfuna da shaguna masu ɗimbin yawa a bakin manyan tituna, kafin taron shugabannin Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai a watan Yuli 2019. Ban ce tsabtace titi laifi ne ba. Amma mai iyali da aka tasa daga bakin hanya ba ya daina neman abinci. Kwasar kayansa yake yi ya shige da su lungu, ya fasa bangon gida ya fitar da ƙofa. Sana'ar da take a fili kowa na gani sai ta koma inda ba mai dubawa. Ta haka ake wayi gari da jarkokin fetur a ɗakin da yara ke kwana, ko tulunan gas a jibge kusa da murhu. Hani mai tsanani ɓoyo yake haifarwa, ɓoyo kuwa shi ne abokin gobara.

Shawarata ga hukumomin gari

Ina roƙon ma'aikatun magajin gari na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa su fitar da ƙa'ida taƙaitacciya, mai aji uku, wadda za a karanta a rediyo da harsunanmu, a kuma liƙa a ƙofar kowane mai unguwa.

Aji na farko shi ne sana'ar da ba ta wuce bangon mai ita: ɗinki, saƙa, kitso, fura, ƙosai, tuwo, ɗan tebur a zaure. Wannan ba ta bukatar izini, sanarwa ga mai unguwa ta isa. Masu abinci kaɗai za a nema su kiyaye tsabtar ruwa da mazubi, jami'an tsabta kuma su je musu da niyyar koyarwa kafin su je da takardar tara.

Aji na biyu shi ne sana'ar da ƙararta ko hayaƙinta ko ruwanta ke tsallakawa gidan wani: injin niƙa, walda, aikin kafinta da inji, gidan burodi, rini, gyaran babur, kiwon kaji masu yawa. Wannan sai da izini, bayan an ji ta bakin maƙwabtan da suka haɗa bango. A rubuta sharuɗɗa a takarda: lokacin tashi da na tsayawa, tazarar inji da bango, tsawon bututun hayaƙi, ramin da ƙazamin ruwa zai shiga. Wanda ya saɓa a yi masa gargaɗi, ya sake a ci shi tara, ya ƙara a rufe.

Aji na uku kuwa, wato ajiyar fetur da gas mai yawa, da jima, da narka ƙarfe ko batir, da ajiyar maganin ƙwari, babu wurinsa a tsakiyar gidaje ko da maƙwabta sun ce sun yarda, domin jaririn da ke goye bai ba da yardarsa ba. Amma kafin a ce wa mutum tashi, a nuna masa inda zai koma. Duk sabon yankan filaye a ware wa masu sana'ar hannu wurinsu, da ruwa da wuta, kuma kada daga baya a yanka shi a sayar.

Na san abin da wasu za su ce: da zarar an rubuta sunanka, gobe mai karɓar fatanti na ƙofarka, jibi kuma wani ya zo neman na goro. Wannan tsoro yana da tushe, kada hukuma ta raina shi. Maganinsa a raba rajistar da haraji ga masu aji na farko, a buga kuɗin izinin aji na biyu a fili kowa ya sani, kuma kada a karɓi ko dala ba tare da takardar shaida ba. Ƙungiyar OHADA, wadda Nijar take cikinta, ta buɗe wa ƙananan masu sana'a hanyar sanar da kansu cikin sauƙi tun 2010. Sai a bi wannan hanya, a sauƙaƙa ta har mai tuyar ƙosai ta iya bi.

Mu ma masu sana'a da sauran aiki a gabanmu. Titi na kowa ne. Wanda ya jibge yashi ko gawar mota a tsakiyar lungu, ya tuna ranar da motar kashe gobara ko ta ɗaukar mai naƙuda za ta nemi hanya. Wadda ke kwararo ruwan wanke-wanke a ƙofar gida, sauro take kiwata wa unguwa. Kuma cinikin gida kada ya zama dalilin hana yarinya makaranta saboda talla.

Ga yadda zaman namu ya ƙare. Mai unguwa ya dubi matar ya ce: "Ƴata, ki mayar da murhunki wancan gefen, nesa da tagar maƙwabcinki, ki ci gaba da neman abincin marayunki." Ya juya ga mai inji ya ce: "Malam, ka janye shi daga bango, ka gyara wa Baba tsagar da ka yi masa, kuma kada a ji ƙararsa kafin hantsi ko bayan magariba." Kowa ya tashi ba wanda aka kashe wa kasuwa. Hukuncin ya yi daidai, amma ya dogara ne ga hankalin dattijo ɗaya. A wata unguwar, da mai inji ɗan'uwan mai unguwa ne, ko matar ba ta da mai tsaya mata, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Shi ya sa nake neman a rubuta ƙa'idar, domin mai ƙarfi da marar ƙarfi su san matsayinsu tun kafin a kai ga ƙara.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu haƙurin zama da juna, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.