Nakasassu da matsalar matsuguni a karkarar Jigawa

A watan Janairun 2024 ne wa'adin shekara biyar da dokar hana nuna wa nakasassu bambanci ta Najeriya ta ɗiba ya cika, domin a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su iya shiga ba tare da an ɗauke su ba.

Tsohon shugaban ƙasar, Muhammadu Buhari, shi ne ya sanya wa dokar hannu a watan Janairun 2019. Daga cikin tanade-tanadenta akwai cewa a duk lokacin da gwamnati ko wata hukuma za ta ba mutane masauki, to a fara duba nakasassu. Ta kuma wajabta wa gwamnati kare su a lokutan bala'i.

Sai dai abin tambaya shi ne, yaya wannan tanadi yake a wuri irin Gwiwa, ƙaramar hukumar da ke masarautar Kazaure, a kan iyakar Jigawa da Katsina?

Gidan gado

A ƙauyukan yankin, ba kasafai ake haya ba. Akasarin mutane na zaune ne a gidajen gado na ƙasa, kuma nakasasshe kan samu ɗaki ne a wajen iyaye ko 'yan'uwa.

Wannan zumunci dai ya rufa wa mutane da dama asiri. To amma rauninsa kan bayyana idan mahaifi ya rasu aka zo rabon gado, ko kuma aure ya mutu. Musulunci bai rage wa kowa kasonsa saboda nakasa ba, amma wanda ba ya iya kai kansa kotu sai an kai shi, da wuya ya bi kadin haƙƙinsa idan masu kai shi ɗin ne suka danne.

Da yawa daga cikin waɗanda suka rasa wannan jingina kan ƙare ne a birane irin su Kano, suna bara, suna kwana a tasha ko bakin masallaci.

Lokacin damina

Matsalar ta fi tsanani idan ruwa ya yi gyara. A ambaliyar 2022, wadda ta hallaka mutane fiye da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa, kuma makarantu ne suka zama mafakar dubban jama'a.

Ke nan makarantar firamare ita ce sansanin gudun hijira na karkara. Idan ajinta na da matakala mai tsawo, ko ƙofar makewayinta ba ta ɗaukar keken guragu, to an riga an ware wasu tun kafin hadari ya haɗu. Haka nan kurma ba ya jin gargaɗin da ake yi a rediyo, kuma wajen rabon kayan agaji, mai ƙarfin turereniya ne ke gaba.

Kuɗi ko gini?

Jigawa dai ta yi suna wajen tallafa wa nakasassu, tun lokacin da gwamnatin Sule Lamido ta soma biyansu naira 7,000 a kowane wata a 2007. A lokacin, kuɗin sun zarce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato naira 5,500, wanda a 2024 aka mayar da shi naira 70,000.

To amma alawus, ko da an ƙara shi, abinci yake saye. Ba ya tayar da katangar da ta faɗi, ba ya kuma faɗaɗa ƙofar aji.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, wadda ta ƙunshi 'yancin samun muhalli mai kyau, ta kuma kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020. Amma hukumar na Abuja ne, yayin da ginin ajin firamare ke hannun jiha da ƙaramar hukuma.

Saboda haka matakan da suka fi kusa ba su da tsada: dagatai da masu unguwanni su san gidajen da nakasassu suke, kowane sabon aji a yi masa gangara a madadin matakala, sannan a sa wakilan nakasassu cikin kwamitin rabon agaji. Ko za a yi hakan kafin wata daminar, wannan ne zai nuna ko dokar ta iso Gwiwa.