Turanci a Sakandare: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk shekarar da sakamakon jarrabawar WAEC ya fito, akan sami ɗalibin da ya ci lissafi da kimiyya, amma Turanci ya kayar da shi. In kuwa babu kiredit a Turanci, ƙofar jami'a a rufe take, kome hazaƙar yaro.

Tushen matsalar ba a ajin ƙarshe yake ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tsara a fara koyar da yaro da harshen gida, daga bisani a koma Turanci. Amma sau da yawa yaro kan shiga sakandare bai iya karatu sosai da ko ɗaya ba. Sa'an nan a kafa masa doka, wai duk wanda aka ji yana Hausa sai tara ko bulala. Abin da wannan doka ke haifarwa shi ne shiru. Yaron da aka yi wa dariya don ya kasa bambance "p" da "f", bambancin da babu shi a Hausa, sai ya kame bakinsa. Ta yaya zai iya harshen da ba ya furtawa?

Ya kamata tun daga aji ɗaya a ba kowane ɗalibi ƙaramin littafin labari ya karanta duk mako, a kuma raya ƙungiyar muhawara. Malami ya gyara kuskure ba da izgili ba, inda bayani ya cije ya warware da Hausa. Wanda ya jira sai jarrabawa ta ƙarato, ya makara.

Allah Ya sa a gyara.