Kafin a saya wa tsoho kwamfutar hannu

Ma'aikacin tarayya da ke zaune a Abuja, iyayensa kuma suna Jos, ya san nauyin da nisa ke ɗora wa zuciya. Tafiyar ta Keffi da Akwanga ba ta wuce ta yini guda ba, amma wanda lokacinsa ke hannun ofis ko hannun maigidan da yake wa hidima yakan shafe watanni bai taka Unguwar Rogo ko Bukuru ba. Wannan ne ya sa da yawa suke shiga Banex su sayo kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira tabulet, domin Baba ko Inna su riƙa ganin fuskar jikoki. Niyya ce mai kyau. Sai dai sau da yawa na'urar kan ƙare a ƙasan akwati, ko a hannun yaran gida suna wasa da ita, sannan a yanke hukunci cewa tsoho ba ya iya koyon sabon abu.

Hukuncin nan bai yi adalci ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin jirgin ƙasa, ko matar da ta riƙe lissafin adashi na mutum ashirin a ka, ba za su kasa danna hoto su kira ɗansu ba. Kuskuren yakan faro ne daga shago, inda mai saye ke zaɓe da idonsa, da yatsunsa, da wutar lantarkin unguwarsa ta Abuja, ya manta cewa wani ne zai yi amfani da abin.

Batun ma ya wuce na hira da jikoki. Hukumar PTAD, mai kula da fanshon tsofaffin ma'aikatan tarayya na tsohon tsari, irin su na jirgin ƙasa da NITEL da 'yan sanda, ta koma tantance cewa ɗan fansho yana raye ta intanet, a tsarin da ta sa wa suna I Am Alive, inda ake ɗaukar hoton fuska da kyamara. Jos cike take da irin waɗannan dattawa. Wanda ba shi da na'ura dole ya nemi shagon kwamfuta, ya miƙa lambar fanshonsa da ta asusunsa ga wanda bai sani ba. Don haka kyamarar gaba mai fitar da fuska sarai tana cikin abubuwan farko da za a duba, tun kafin a tambayi launi.

Sai ido da hannu. Allo mai faɗin inci 10 ya fi dacewa da wanda ganinsa ya fara rauni, amma nauyin irin wannan na'ura ya kusa rabin kilo, kuma hannun da ke fama da ciwon gaɓɓai ba zai riƙe ta minti ashirin ba. Maganin haka shi ne riga mai kauri da ke da madogara, yadda za a kafa ta a kan tebur ko a gaban tabarma. A gwada ƙarar lasifikarta a cikin hayaniyar shagon. Idan mai saye bai ji da kyau ba a nan, tsohon da kunnensa ya yi nauyi ba zai ji ba a tsakar gida. Akwai kuma abin da mazaunin Jos ya sani: sanyin hunturu yana busar da fata, busasshen yatsa kuwa gilashin na'ura ba ya saurin amsa masa. Ɗan alƙalami mai kan roba, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, yana raba tsoho da wannan takaici.

Abu na gaba shi ne layi. Yawancin kwamfutocin hannu suna zuwa iri biyu masu kama da juna, ɗaya tana karɓar layin waya, ɗaya kuma sai da Wi-Fi. Ta biyun ta fi araha, shi ya sa ake yawan faɗawa tarkonta, alhali gidajen iyaye da yawa ba su da Wi-Fi. A tabbatar da ramin layi da ido kafin a biya kuɗi. Wajen zaɓen kamfani ma, a tambayi maƙwabtan Baba wanne ne ya fi kamawa a layinsu, domin Jos gari ne na duwatsu da kwari, kuma abin da ke aiki a Rayfield ba lallai ya yi aiki a cikin ɗaki a Rikkos ko Tudun Wada ba. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, hikima ita ce ɗan da ke Abuja ya ɗauki nauyin sayen data duk wata, ya kuma kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp.

Wutar kamfanin JED ba ta da alƙawari, saboda haka batir mai jimiri ya fi duk wani ado amfani, kuma ƙaramin abin ajiyar caji ko ɗan faifan sola ya kamata ya shiga cikin kasafin tun farko. A zaɓi mai bakin caji irin na USB-C, wanda ke shiga ta kowace fuska. Tsohon baki mai fuska ɗaya shi ne mai raunin gani ke tursasawa har ya lalace.

Game da farashi, Hausawa sun ce araha ba ta ado. Na'urorin da ba su da sanannen suna, musamman waɗanda ake tallatawa don yara, sukan zo da tsohuwar manhajar Android, WhatsApp kuwa yakan daina aiki a kan tsofaffin manhajoji lokaci bayan lokaci. Na'ura mai jinkiri ta fi cutar da sabon shiga, domin idan ya danna bai ga komai ba sai ya sake dannawa, abubuwa su buɗe barkatai, ya ɗauka shi ya ɓata ta. Haka ita ma iPad 'yar gwanjo tana iya zuwa a kulle da asusun mai ita na farko. A ɗaya gefen, sayen mafi tsada don a burge dangi ɓarnar kuɗi ce, kuma tsoho kan ji tsoron taɓa abin da aka gaya masa ya ci albashin wata biyu. Matsakaiciya daga kamfanin da ke da masu gyara a cikin Jos, kamar Samsung ko Infinix ko itel, ta wadatar.

Rabin aikin yana cikin shirya na'urar kafin a miƙa ta. A share duk wani tambari daga fuskarta, a bar huɗu ko biyar. A ƙara girman rubutu zuwa ƙarshe. A sa hoton kowane ɗa a kan lambarsa, domin fuska ta fi suna saurin ganewa. Mai iPad yana da tsarin Assistive Access da Apple ya fito da shi a 2023, wanda ke mayar da komai manyan tambura kaɗan. Saƙon murya ya ɗauke wa wanda bai yi boko ba wahalar rubutu, kuma tun 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake iya yi wa na'ura magana ta rubuta. Daga nan sai a zuba abin da mai ita yake so tun asali: karatun Alƙur'ani da tafsirin malamin da ya saba saurare, ko Littafi Mai Tsarki na Hausa da waƙoƙin sujada, da labaran BBC Hausa, tashar da wasu dattawan suke bi tun da ta fara a 1957. Wanda ya samu abin da yake ƙauna a ciki shi zai nemi na'urar da kansa.

Inda ya fi buƙatar tsanani shi ne tsaro. Kada a sa manhajar banki a kan na'urar da ke yawo hannu-hannu a gidan yawa, kuma layin da ke haɗe da asusun fansho ya zauna a ƙaramar wayar da Baba ya saba da ita. Sabon layin a yi masa rajista da lambar NIN ta mai shi, kamar yadda gwamnati ta wajabta tun Disamban 2020, kada a ari sunan jika ko na mai shago, domin ranar da aka rufe layin ko ya ɓata, wanda sunansa ke kai ne kaɗai zai iya dawo da shi. A kunna lambar sirri ta biyu a WhatsApp, a rufe bakin kiran baƙin lambobi. Sannan a maimaita wa tsoho doka guda har ta zauna: duk wanda ya kira ya nemi lambar da ta shigo ta saƙo, ko ya ce daga banki yake ko daga hukumar fansho, ɓarawo ne. Akwai kuma jita-jita. Jos ta ɗanɗana illarta tun rikicin 2001, kuma tsohon bidiyo daga wata ƙasa yana iya dawowa a matsayin abin da ya faru jiya a Farin Gada. Dattijon da ya taso yana gaskata abin da rediyo ya faɗa yana buƙatar a gaya masa cewa WhatsApp ba shi da edita, ya tambaya kafin ya tura.

Koyarwar ita ma tana da ladabinta. Abu ɗaya a rana ya isa: yau amsa kira, gobe saƙon murya, jibi tafsiri. Hannun mai koyo ne zai yi dannawar, mai koyarwa ya haƙura da fizge na'ura don ya nuna sauri. Kalmar "ai na nuna maka jiya" ba ta dace da bakin ɗa ga mahaifin da ya riƙe hannunsa ya kai shi makaranta ba. A rubuta matakan a takarda da manyan baƙaƙe, da boko ko da ajami. A wakilta mutum ɗaya amintacce a gidan don taimako, a kuma faɗa a gaban kowa cewa na'urar ta Baba ce.

Masu cewa ƙaramar waya mai maɓalli ta ishi tsoho suna da hujja a wasu lokuta. Wanda yanar ido ta rufe masa gani ya fi buƙatar a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a duba shi, wanda mantuwa ta kama kuwa rediyonsa ya fi masa sauƙi. Shi ya sa tambayar mai abu ta riga sayayya: me yake so ya gani, wa yake so ya ji? Idan ya ce ba ya so, a girmama maganarsa.

Na'urar da aka aika a motar haya ba tare da wanda zai zauna ya koyar ba, an riga an yi asarar kuɗinta. Duk mai niyyar saye ya haɗa da kwana uku daga hutunsa na shekara, domin zumunta a ƙafa take. Idan bayan wata guda Baba ya kira da kansa, ba tare da jika ya danna masa ba, to kuɗin sun yi amfani.