Tsakanin Alƙalami da Fartanya: Marubucin Alƙur'ani a Goshin Damina

Ya ɗan'uwa mai karatu, yau ina so in yi magana a kan wani bawan Allah da muka saba gani har muka daina lura da shi, wato alaramman ƙauye mai rubuta Alƙur'ani da hannunsa. A ƙasar Buji, daga Gantsa zuwa ƙauyukan da ke kewaye da ita, kamar sauran yankunan masarautar Dutse, irin wannan malami manomi ne kafin komai, kuma watannin Mayu da Yuni su ne mafi nauyi a shekararsa.

A ƙarshen bazara zafi yakan busar da tawada a bakin alƙalami, gumi kuma ya ɓata takarda, shi ya sa yakan zauna rubutu bayan sallar asuba, kafin hantsi ya ɗaga. Da zarar ruwan shuka ya sauka, safiyar ta zama ta gero da dawa da gyaɗa, almajiran da suka tafi cin rani su dawo, rubutu ya koma tsakanin azahar da la'asar, da hannun da fartanya ta riga ta gajiyar.

Dubi kayan aikinsa. Alƙalaminsa karan gamba ne da ya fiƙe da kansa. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro domin a wanke ta, amma ta takarda da bagaruwa ake haɗa ta don ta zauna. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza ɗigo ne na rawaya, duk a riwayar Warshu da muka gada. Takardun ba a ɗinke su, sai a tsare su a tadarishi, a saka a gafaka. Magabatansa na ƙarni na 19 a kan takarda mai tambarin wata uku suke rubutu, wadda ake yi a Italiya, fatake su ratso Sahara da ita.

Yanzu mu yi lissafi. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. Wanda yake rubuta sumuni biyu kullum ba fashi zai yi kwana 240, wato wata takwas, kafin ya dawo farko ya sa wasali, ya zana alamun sujada da zayyana. To, ina adalcinmu idan muka tsaya muna taya wannan aiki kamar buhun albasa a kasuwar Shuwarin?

Na san abin da wasu za su ce: ga bugun Madina nan, mai tsabta da sauƙin samu, me ya rage wa rubutun hannu? Ba na musun alherin maɗaba'ar Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1984, domin ta kai Alƙur'ani gidajen da a da ba su da shi. Sai dai mu tuna cewa shi kansa wannan bugu hannun mutum ne ya fara rubuta shi, wato Usman Ɗaha, mutumin Siriya. A Kano ma, rubutun marigayi Sharif Bala Gabari, wanda ya rasu a 2014, shi aka ɗauka aka buga ya bazu a tsangayu. Inji yana yawaita abin da hannu ya ƙware a kai ne kawai. Ranar da aka rasa mai iya rubutun, za a ci gaba da buga tsohon aiki, amma salonmu na Kanawi da Barnawi ya tsaya ke nan. Ƙari a kan haka, a al'adar tsangaya rubuta Alƙur'ani da ka shi ne shaidar cewa hadda ta zauna, saboda haka rasa rubutun raunana haddar ne.

Shawarata uku ce. Masu hali su ba da aikin rubutu tun kafin damina, su biya wani kaso a gaba, domin kuɗin iri da taki kada su raba malam da alƙalaminsa. Iyaye su nemi allon zayyana na hannu idan yaro zai yi sauka, su biya ba tare da ƙorafi ba. Malaman kuma su zaunar da yaro ɗaya ko biyu masu kyan hannu, su koya musu fiƙe alƙalami da haɗa tawada, kada ilmin ya bi su kabari.

Allah Ya saka wa marubutanmu da alheri, Ya ba mu damina mai albarka.