Ragon da Muka Gasa Ɗungurungum da Maganar da Ta Biyo Baya



Tun bayan walimar Babbar Sallah da ƙungiya ta shirya a nan Agege, magana ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A zaman kwamiti da ya gabata ita ta cinye mana kusan awa biyu, har aka tashi ba a taɓa batun kuɗin wata ba. Tunda za a kawo ta gaban babban taro don a yanke shawara, muka ga ya dace ofishin sakatare ya bayyana inda muka tsaya tun yanzu, kowa ya samu lokacin tunani.

Ga waɗanda ba su halarta ba, ga abin da ya faru. 'Yan uwanmu mutanen Nijar da ke cikin ƙungiya ne suka ɗauki nauyin gashi bana, kuma suka yi shi yadda ake yi a Yamai da Maraɗi. Aka feɗe raguna biyu, aka buɗe su, aka ɗame kowanne a kan sanduna biyu da aka gicciya, aka jingina su kewaye da wutar itace tun hantsi har la'asar sakaliya. Kawunan da aka babbake suna gefe a cikin daro. Dattawa sun ji daɗi ƙwarai, wani ma cewa ya yi rabonsa da ganin irin wannan tun yana saurayi. Amma yara da dama sun ƙi ci. Wata yarinya ta fashe da kuka da ta gane cewa ragon da ta ba wa dusa da safe shi ne a kan sanda. Wasu baƙinmu da ba Hausawa ba suka juya kujerunsu.

Daga nan ne wasu iyaye suka kawo shawarar a daina gashin ɗungurungum. A cewarsu, baɗi a ba masu dafa abincin biki kwangila, su kawo nama yankakke a cikin 'yan robobi, a ci a tashi babu wanda ransa ya sosu. Masu wannan shawara ba raini suka yi wa al'ada ba. Uwa ce ta ga 'yarta tana kuka, uba ne ya ji kunyar abokin aikinsa da ya gayyato. Mun fahimce su. Duk da haka ba mu goyi bayan shawarar ba, ga kuma dalilanmu.

Da farko, naman da ke cikin roba shi ma wuƙa ce ta kawo shi. Yarinyar da ta yi kuka tana cin kaza kowane mako, tana cin tsire a Obalende, kuma ba ta taɓa kuka ba saboda ba ta taɓa ganin fuskar abin da take ci ba. Idan muka ɓoye rago, ba mu ceci ran dabba ko ɗaya ba. Abin da kawai muka yi shi ne muka raba yaro da sanin cewa kowace tsoka da ya kai baki rai ce aka ɗauka. Wanda bai san haka ba shi ne yake gutsurar nama ya wurgar da sauran a bola. Mun ga haka da idonmu a bukukuwan da ake raba abinci a roba: da safe masu shara suna kwashe rabin abin da aka raba.

Na biyu, mu ba baƙi ba ne a wannan harka. Naman da Legas take ci, mu da iyayenmu muke kawo shi. Daga kasuwannin Potiskum, Maigatari, Mai'adua da Illela ake loda shanu da tumaki a tirela, a yi tafiyar da daga Kano kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,000, a sauke a Kara, a kai mayankar Oko-Oba da ke nan bayan gidajenmu. Da yawa daga cikinmu da kuɗin fawa, dillancin dabbobi ko tukubar tsire aka biya mana makaranta. A watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kawo kaya Kudu. Cikin 'yan kwanaki farashin nama da tumatir ya tashi a Legas, kowa ya tuna daga inda tukunyarsa take cika. Abin takaici ne a ce ɗan Sarkin Fawa ko jikan mahauci ya tashi yana ƙyamar hannun da ya ciyar da shi, yana toshe hanci idan kawunsa ya dawo daga kwata.

Na uku, layya ibada ce da aka gina a kan gani da halarta. Malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa ya yanka ragunan layyarsa, kuma an so mai layya ya yanka da kansa ko ya tsaya a wurin. A nan ne yaro yake koyon abin da ba a koyarwa a aji: a wasa wuƙa tun kafin a kawo dabba, kada a wasa ta a gabanta, a shayar da ita, a kwantar da ita a hankali, kada a yanka wata tana kallo, a ambaci sunan Allah, a jira rai ya gama fita kafin a fara fiɗa. Ya ga ba a sayar da komai na layya, har fata, kuma ba a biyan mahauci ladansa da naman. Duk wannan tausayi ne da ladabi. Yaron da ya ga mahaifinsa yana lallaɓa rago kafin ya yanka ya fi sanin darajar rai a kan wanda bai san nama ba sai a firjin kanti.

Na huɗu, ganin dabba sukutum kariya ce ga lafiya. Mahauci na gari yana buɗe ciki ya duba hanta da huhu, in ya ga tsutsa ko ƙuraje ya san abin yi. Wanda ya karɓi nama yankakke cikin yaji bai san ko na lafiyayya ba ne ko na wadda aka yi wa gaggawar wuƙa tana shure-shuren mutuwa a bayan tirela. An daɗe da haramta shigo da daskararrun kaji ƙasar nan, amma kowa ya san ana fasa-ƙwaurinsu ta iyakar Seme, kuma babu mai iya faɗa maka yaushe aka yanka su ko wa ya yanka. A 2023, dab da Babbar Sallah, gwamnatin tarayya ta gargaɗi jama'a kan cin ganda saboda cutar antaraks da ta ɓulla a Ghana, kuma a watan Yuli aka tabbatar da ita a wata gona a Suleja. A irin wannan lokaci, wanda ya ga dabbarsa a tsaye kafin a yanka ya fi kwanciyar hankali.

To amma laifi tudu ne. Idan muka ce a fuskanci inda nama yake fitowa, mu ma sai mu fuskance shi gaba ɗaya, har da ɓangaren da ba ma son a ambata. Mun san yadda ake cusa dabbobi a tirela, a ɗaure ƙaho, a yi kwana biyu ko uku babu isasshen ruwa, wasu su iso da karyayyar ƙafa. Mun san samarin da ke haɗa raguna karo kafin Sallah ana caca a kai, har a ji wa dabbar layya rauni. Mun san masu babbaka kai da ƙafa da tayar mota, hayaƙin ya shige cikin nama ya shiga ɗakin maƙwabci. Mun san jinin da ake sakewa cikin magudanar ruwa, da tumbin da ake zubarwa a bakin titi ya kwana uku yana wari. Bana masu gidaje biyu sun aiko wa ƙungiya ƙorafi, ɗaya ya ce baɗi ba za a yi yanka a harabar gidansa ba. Mutumin nan bai yi laifi ba. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa, kuma a garin da muke zaman haya, ƙazantar mutum ɗaya sunan Hausawa duka take ɓatawa. Muna zargin cewa rabin ƙyamar da yaranmu suke yi ba ta rago ba ce, ta wannan ƙazanta ce.

Saboda haka ga abin da za mu gabatar wa babban taro:

1. A ci gaba da gashin ɗungurungum, amma a ware masa gefe guda da ɗan shinge, a shirya wa baƙi da duk wanda ba ya son gani wurin zama daban, a kai musu nasu a faranti.

2. Kada a tilasta wa yaro kallon yanka, kuma kada a yi masa dariya in ya ji tsoro. A yi masa bayani tun daren Sallah. Wanda ya tasa kuma ya nuna sha'awa, a ba shi riƙon ƙafa wajen fiɗa ko wankin kayan ciki tare da iyayensa mata.

3. Kada a bar ƙananan yara su shaƙu da ragon da za a yanka ba tare da an gaya musu gaskiya ba. Kukan yarinyar nan laifinmu ne mu manya, domin babu wanda ya faɗa mata.

4. A haƙa rami don jini da abin cikin tumbi, a rufe shi a ranar. Inda siminti ne, a tara a buhu a ɗaure sai motar LAWMA ta zo.

5. Babu babbaka da taya ko roba. Itace ko gas kawai.

6. Ragunan ƙungiya su samu inuwa, ruwa da abinci daga ranar da aka sayo su, kuma duk ɗan ƙungiya da aka samu da haɗa karo a kira shi gaban dattawa.

7. Kafin mu zauna ci, a fara kai wa maƙwabta rabonsu, Musulmi da Kirista, Bayarabe da Ibo.

Iyayen da suka kawo ƙorafi sun yi mana gata, domin sun sa mun dubi abin da muka saba kawar wa kai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna roƙon kowa ya zo taron da shawararsa, musamman iyaye mata, tunda su ne suke lallashin yaran bayan mun koma majalisa, kuma su ne suke kwana a gaban kaskon suya.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin kwamitin gudanarwa.