Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabanninmu: Kada Gara Ta Cinye Tarihin Mahaƙan Kwal Na Inugu

Ranku ya daɗe, shugabanninmu na tarayya, musamman waɗanda Allah ya ɗora wa alhakin ma'adinai da ilimi da adana kayan tarihi.

Ina roƙon afuwa tun farko idan harshena ya yi kaushi a wasu wurare. Na daɗe ina riƙe da wannan magana a ciki, kuma tun da na dawo daga Inugu a damunar bara ba ta bar ni na huta ba.

Kakana ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan zamanin Turawa. Aikinsa shi ne zuba wa injin jirgi kwal. Shekara da shekaru yana tsaye a gaban bakin wuta da shebur a hannu, daga Kafanchan zuwa Makurɗi, daga Makurɗi zuwa Inugu, a juyo. Na taso na tarar da tafin hannunsa ya bushe kamar ƙirgi, bayan hannun kuma cike da ɗigo-ɗigon tabo inda tartsatsi ya ci shi. A cikin adakar kakata akwai wani dunƙulen kwal da bai wuce girman ƙwan agwagwa ba, an naɗe shi da tsumma. Muna yara mukan roƙa a buɗe mana mu taɓa, ya bar mana baƙi a yatsa. Wani aminin Kaka ne ya ba shi, Ibo ne, mai saran kwal a ramin kwarin Iva. A ɗakinsa Kaka yake sauka duk sa'ad da jirgi ya kwana a Inugu, a unguwar leburori da har gobe ake kira Coal Camp. Shi ke nemo masa ruwan alwala, shi ke hana yara wucewa ta gabansa idan ya tayar da salla. Yaƙin basasa ya raba su, ba su ƙara jin ɗuriyar juna ba. Gab da rasuwarsa Kaka ya faɗa mini sunan mutumin da na ƙauyensu, ya ce in Allah ya kai ni can wata rana in nemi iyalinsa in gaishe su. Na ɗauki alkawari, na kuma yi sakaci da shi shekara talatin.

Bara na shirya na tafi, ni da babban ɗana. Tunanina shi ne, wurin da ya yi shekaru kusan 90 yana aiki a hannun gwamnati ba zai rasa rajistar ma'aikata ba. Idan na sami sunansa da lambarsa, sauran mai sauƙi ne.

Kwana uku muka yi ana tura mu daga wannan ofis zuwa wancan. Ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba, domin ba tozarta kowa na zo yi ba, kuma waɗanda muka tarar sun karɓe mu da mutunci. A rana ta uku wani dattijon akawu ya tausaya mana ya nemo mabuɗi, ya buɗe mana wani ɗaki a bayan gini. Ranku ya daɗe, da ma a ce ɗayanku yana tsaye tare da mu. Rufin kwanon ya huje, ruwa ya yi taswira a bango. Fayil-fayil ne jibge a ƙasa har gwiwa, wasu an ɗaure da igiya, wasu sun watse. Na sunkuya na ɗaga wani babban littafi mai bangon kyalle, irin na biyan albashi. Gara ta yi hanya a cikinsa tun daga bango har bango. Shafin da na buɗe rubutun alƙalami ne mai kyau, suna a hagu, lamba a tsakiya, sule da kwabo a dama, sannan dangwalen babban yatsa a ƙarshen kowane layi. Ina ƙoƙarin juya shafin ya marmashe a hannuna. Sunayen mutum wajen ashirin suka zube a kan takalmina kamar dusa. Ɗana ya dube ni, na kasa ce masa komai. Akawun ya ce ya sha rubuta takarda a kan ɗakin, ba a taɓa ba shi amsa ba.

Ban sami sunan aminin Kaka ba. Dunƙulen kwal ɗin da na tafi da shi a aljihu, da niyyar in damƙa wa jikokinsa, da shi na dawo gida.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗannan sunaye ba na wasu bare ba ne. A kan gadon bayansu aka gina wani babban yanki na ƙasar da kuke mulki yau. A 1909 wani Baturen Ingila masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano kwal a tsaunukan Udi. A 1915 aka fara haƙa. Saboda wannan kwal ne aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka kuma ja layin dogo daga can ya iso Inugu a 1916. Garin Inugu kansa a gindin ramukan ya tsiro, shi ya sa ake masa kirari da birnin kwal. Daga baya layin ya miƙo Arewa ya haɗe da na Kaduna ta Kafanchan, har aka gama gadar Makurɗi a kan kogin Binuwai a 1932. Kafin gadar, a jirgin fito ake tsallakar da taragai. Gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da kuzar Jos, duk da wutar wannan kwal aka ja su zuwa bakin teku. Duk Bakanon da ke alfahari da dalar gyaɗa ya san cewa akwai gumin mutumin Udi a cikin tafiyar kowane buhu.

Kuma ba da daɗin rai aka fara shiga ramukan ba. A shekarun farko sarakunan da Turawa suka naɗa, irin su Onyeama na Eke, su ke tattaro mutane daga ƙauyuka su miƙa wa Bature. Mu a Arewa mun san ɗacin wannan, domin iyayenmu sun ba mu labarin ɗiban gwamna, lokacin da aka riƙa kwasar talakawa zuwa haƙar kuza a Jos a yaƙin duniya na biyu. Kaka ya ce amininsa a durƙushe yake saran kwal, wani lokaci a kwance, cikin ruwa da zafi da duhu, ba takalmin kirki. In ya fito ba ka ganin komai a fuskarsa sai fararen idanu, in ya yi kaki kuma baƙi ƙirin.

Sai kuma ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Ma'aikatan suna bin bashin albashi da suka ce an danne musu. Ƙungiyarsu, wadda Okwudili Ojiyi yake sakatarenta, ta sa su riƙa jan ƙafa a bakin aiki. Da aka fara korar masu saran kwal, sai suka zauna a mahaƙar kwarin Iva suka ƙi tafiya. Gwamnati ta tsorata kada nakiyar fasa dutse da ke ajiye a wurin ta faɗa hannun matasa 'yan gwagwarmayar neman 'yanci, ta turo 'yan sanda su kwashe ta. Su kuwa ma'aikata sun ɗauka kwashe nakiyar alama ce ta za a rufe ramin a bar su da yunwa, sai suka taru. Wani babban sufuritandan 'yan sanda Bature, F. S. Philip, ya ba da umarnin a buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Ba su da bindiga. A cikin 'yan sandan da aka kai Inugu a lokacin har da waɗanda aka ɗebo daga Arewa, kuma bai kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu wannan ba, domin ta haka ne za su gane yadda mai mulkin mallaka yake sa talaka ya harbi talaka. Kaka bai cika son maganar wannan rana ba. Abin da kawai yake cewa shi ne, zuwansa na farko bayan harbin ya tarar da unguwar tsit, amininsa ya fito ya riƙe hannunsa, suka daɗe a tsaye ba wanda ya yi magana.

Jinin nan bai tsaya a kwarin Iva ba. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anacha da Kalaba. 'Yan siyasar Legas da ba sa ga maciji da juna suka zauna a kwamiti ɗaya. Hubert Ogunde ya shirya wasan kwaikwayo a kan lamarin. Turawa suka kafa kwamitin bincike na Fitzgerald, wanda ya ce jami'in ya yi kuskure wajen yanke shawara, kuma ba a kai shi gaban alƙali ba. A ganina daga ranar ne mulkin mallaka ya fara tattara komatsansa a ƙasar nan, ko da yake sai bayan shekara 11 aka sauke tuta. A wannan garin na mahaƙa ne kuma, 'yan shekaru kaɗan bayan haka, aka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Yau wane yaro ne a Kano ko a Inugu ya san wannan? Na tambayi ɗana, wanda ya gama jami'a, ko ya taɓa jin kwarin Iva kafin tafiyarmu. Bai taɓa ji ba. Shi da sa'o'insa sun yi firamare ne a shekarun da aka cire darasin tarihi daga manhaja. Na ji an dawo da shi, madalla, amma me za a koyar idan takardun sun zama abincin gara?

Na san yadda harkar kwal ta mutu, ba sai an tuna mini ba. An kafa hukumar kwal ta ƙasa a 1950, kuma a ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa a shekara ya haura tan 900,000. Sai aka sami man fetur a Oloibiri a 1956, reluwe ya koma injin dizal, yaƙin 1967 zuwa 1970 ya zo aka bar ramuka ruwa ya cika su. Aka yi ta lallaɓawa har farkon shekarun 2000 komai ya tsaya. Za a ce zamani ne ya wuce da kwal. To, na yarda zamani ya wuce da injin tururi. Amma zamani ba ya huje rufin kwano, ba ya hana a sayi kabad da maganin gara. Wannan rashin kula ne, kuma asalinsa, a nawa ganin, shi ne tun da fetur ya zo muka daina ganin girman duk wani arzikin da ake samu da gumi. Kuɗin da ake rabawa a Abuja ƙarshen wata ya sa muka manta da masu dangwala yatsa su karɓi sule.

Mun je kwarin Iva ɗin da kanmu. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ƙarafa sun yi tsatsa, ruwa mai launin ja yana tsatsowa daga gindin tsauni. Wani tsoho da ya ce ya yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa shi ya nuna mana inda bakin ramin yake, yana magana yana tari. Ya ce abokan aikinsa da dama sun mutu suna jiran haƙƙinsu na barin aiki. A cikin gari mun ga mutum-mutumin da aka kafa a wani shataletale don tunawa da waɗanda aka harbe, kuma na yaba wa wanda ya yi tunaninsa. Sai dai motoci ne ke kewaya shi dare da rana, ba inda mutum zai zauna a ba shi labari.

Ga abin da nake roƙo. A tura ma'aikatan adana takardun tarihi su kwashe abin da ya rage a irin waɗannan ɗakuna kafin wata damunar, a ɗauki hotonsu a saka a kwamfuta, a sa inda kowa zai iya dubawa. Muna da ma'adanar takardu ta ƙasa a Inugu da Kaduna da Ibadan, muna da jami'o'i cike da ɗaliban tarihi masu neman abin rubutu. Ba aikin biliyoyi ba ne. A aika matasa da na'urar ɗaukar murya su zauna da tsofaffin mahaƙan da suka rage, domin duk shekara raguwa suke yi. A kewaye bakin rami ɗaya, a share shi, a rubuta sunayen mutum 21 ɗin nan a jikin dutse a wurin da suka faɗi. Wanda yake bin gwamnati haƙƙinsa a biya shi yana da rai. Sannan tunda yanzu ana haƙar kwal a Kogi da Gombe, a tabbatar ana rubuta sunan kowane lebura, ana duba ƙirjinsa, kada jikokinsu su zo su tarar da abin da na tarar.

Wani lokaci nakan ji kamar ɓata tawada nake yi, domin akawun can ma ya rubuta, shi da yake cikin gida, bai ji komai ba. Wani lokaci kuma nakan tuna a cikinku akwai 'ya'yan leburori da jikokin ma'aikatan reluwe, waɗanda da kuɗin gumi aka biya musu makaranta, sai in ji ƙarfin gwiwa. Ko mutum ɗaya ne a cikinku ya ɗaga waya gobe da safe, za a iya ceto littattafan da ruwa bai kai gare su ba tukuna. Na ga wasu a saman tarin da sauran lafiyarsu.

Dunƙulen kwal ɗin yana nan a ɗakina cikin tsummansa. Ranar da aka buɗe rajistar nan ga jama'a, in Allah ya bar ni da rai, zan sake hawa mota zuwa Inugu in nemi sunan mutumin, in isar da gaisuwar Kaka. Don girman Allah, ranku ya daɗe, ku sa a gyara rufin ɗakin nan kafin ruwan bana ya sauka.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
jikan wani ma'aikacin reluwe, daga Kafanchan.